Shekarun tsohuwar tirelar da na sayo daga gonar Ohayo

Mutumin da ya sayar mini ya ce ƙirar 1958 ce. Takardar mallakar da ya miƙo mini, wadda ta tsufa har ta koma launin shayi, 1965 aka buga a kanta. Shekara bakwai ke nan tsakanin bakin mutum da takardarsa, ga kuma abin da ake magana a kai a tsaye cikin siton ajiyar kayan gona, taya ɗaya a sace, kaji sun mai da ƙarƙashinsa wurin shan inuwa.

Idan na ce tirela, kada a ɗauka irin ta hanyar Kano zuwa Legas nake nufi. A nan Amurka akwai wani ɗan ɗaki mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a ja, da gado a ciki, da murhu, da wurin zama, iyali su tafi bakin tafki ko daji su kwana biyu su dawo. Wadda na sayo ta kamfanin Shasta ce, irin wadda suke kira Airflyte, ƙafa 16 idan an haɗa da ƙarfen gaba da ake ɗaurawa a mota, amma ɗakin kansa bai wuce ƙafa 13 ba. Jikinta alminiyam ne a kan ƙashin katako, gaba da baya a lanƙwashe kamar gwangwanin nama na kanti, kuma da sunan wannan gwangwani ma masu sha'awarta suke kiran siffar. Aikina gyaran jikin mota ne a Indiyanapolis, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma na daɗe ina son in sami abin da zan gyara da hannuna wanda zai zama na yarana, in kai su su ga ƙasar da aka haife su a cikinta fiye da titin makaranta da na masallaci.

Ranar da na jawo ta gida, uwargida ta leƙa ciki, ta toshe hanci saboda warin ɓera da funfuna, ta ce, "Abban yara, to yanzu mene ne amfanin sanin shekarar? Ai tsohuwa dai tsohuwa ce." Na ce mata amfanin uku ne. Kamfanin inshora zai tambaya. Ɗaya daga cikin fikafikan ado biyu da ke bayanta ya ɓace, kuma girman fiffiken ya canza da shekaru, don haka in ban san shekarar ba zan sayi wanda ba nata ba. Na ukun shi ya fi damuna: wata rana zan sayar, ko yarana su sayar, kuma ba na son ƙaryar da ban ƙirƙira ba ta bi ta bakina zuwa kunnen wani. A kasuwar waɗannan tireloli, ta shekarun 1950 ta fi ta tsakiyar 1960 tsada. In na ce 1958 alhali ba haka ba ne, na ci kuɗin da ba nawa ba.

A kara a gida, in dillali ya ce maka rago shekara biyu ne, ba ka yi masa musu. Sai ka kama haɓar ragon ka buɗe baki ka duba haƙora. Na yi zaton nan ma haka zai zama, duba ɗaya a gama, domin a wurin aiki mota ba ta ɓoye mini shekararta. Tun daga ƙirar 1981 doka ta sa kowace mota da tirela a Amurka ta ɗauki lambar casis mai gurbi 17, kuma gurbi na goma shi ne shekara: B na nufin 1981, Y na nufin 2000, 1 na nufin 2001. Ko da ido ɗaya nake karantawa. Amma kafin 1981 kowane kamfani yadda ya ga dama yake yi. Wani ya sa shekara a cikin lambar, wani ya sa tsawon tirelar, wani kuma jeri kawai yake bi, ɗaya bayan ɗaya.

Neman lambar kanta sai da ya ci mini yamma uku. A kan ƙarfen gaba ake buga ta, wannan mai siffar kan kibiya, kuma nawa an shafe shi da fenti aƙalla sau huɗu: baƙi a sama, azurfa a ƙarƙashinsa, wani ja, sannan tsatsa. Wani abokin aikina ya ɗauko garanda zai taimake ni, na riƙe hannunsa. Bugun lambar ba shi da zurfi, garanda in ta wuce sau biyu ta cinye shi har abada, kuma babu inda za ka je a sake ba ka. Maganin cire fenti na shafa, na bar shi ya jiƙa, na kankare da ƙaramin buroshin waya a hankali, inci bayan inci, daga wajen ƙugiya zuwa jikin ɗakin. A yamma ta uku na ji farcena ya faɗa wani ɗan rami. Na goge wurin, na shafa alli, na share da tafin hannu, allin ya maƙale a cikin ramukan. Da rana ba ta fito sosai ba. Sai da aka yi sallar isha na dawo da tocila, na kwantar da haskenta a gefen ƙarfen maimakon in haska daga sama, inuwa ta cika ramukan, sai ga harafi ɗaya da lambobi a bayansa sun tashi tar. Akwai guda da ya tsaya tsakanin 3 da 8. Na ɗora farar takarda na goga bakin fensir a kai, ya nuna 8 ne, rabinsa na hagu tsatsa ta ci.

Lambar ta yi daidai da ta kan takardar mallaka, wannan ya kwantar mini da hankali, domin aƙalla takardar ta wannan tirelar ce ba ta wata ba. Da ma tunda daga wata jiha na shigo da ita, sai an duba lambar a jikinta an sa hannu kafin Indiyana ta ba ni sabuwar takarda. Sai dai shekara babu ita a cikin lambar. Shasta jeri suke bi, harafin farko kuma masana'antar da ta ƙera yake nunawa.

Sai na koma kallon jikinta. Shasta a Kalifoniya ta fara a 1941, wani mai suna Robert Gray ya kafa ta, kuma a 1958 ta buɗe masana'anta a Goshen da ke nan arewacin Indiyana. Wajen wannan lokacin ne aka fara maƙala mata fikafikan nan biyu a baya, waɗanda suka zama tambarinta. Daga nan na gane inda mai sayarwa ya samo 1958 ɗinsa: ya ji an ce masu fiffike daga shekarar suka fara, sai ya riƙe shekarar farko. Ban ga alamar yaudara a tare da shi ba. Lanƙwasasshiyar siffar kuwa ta ci gaba har wajen tsakiyar shekarun 1960, lokacin da kamfanin ya koma yin masu kusurwa kamar akwati. Ashe daga 1958 har 1965 duk jikin zai iya ɗauka. Bangon ciki filawud ne mai launin zuma, wanda ya fi kama da farkon wannan zango, kafin a koma katako mai duhu. Wannan karkata ce kawai, ba hujja ba.

Daga nan na shiga bin kayan da ke jikinta ɗaya-ɗaya, kuma a nan na fi ɓata lokaci, a nan kuma na fi koyon abu.

Taya ta fara ba ni lamba. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ƙarshensa mako da shekarar da aka yi ta. Daga shekarar 2000 lambobi huɗu ne, biyu na mako biyu na shekara. Kafin nan uku ne, biyu na mako ɗaya na shekara. Tawa uku ce, ta ƙare da 4, da ɗan alwatika a gefe, alamar da masu taya da yawa suka sa wa na shekarun 1990. Wato 1994. Taya dai ana canza ta, ban ɗauke ta da muhimmanci ba, illa dai na gode wa Allah da ya kawo ni gida lafiya a kan roba mai shekara kusan talatin. Tukunyar gas ma haka. A kan ƙarfen wuyanta ana buga wata da shekara, tawa ta nuna 1979, kuma makunninta zagayayye ne, ba mai kusurwa uku na yanzu ba, irin wadda masu ɗura gas suka daina karɓa tun 2002. Na ajiye ta gefe.

Danja ce ta fara rikita ni. Biyu ne zagayayyu, na kamfanin Bargman, masu hawa-hawa. A kan jar robar ta dama na ga ƙananan haruffa SAE, da wasu haruffa, sai 69 a ƙarshe. Wannan lambar shekarar ƙa'idar da aka yi murfin a kai ce, ma'ana murfin ba zai girmi 1969 ba. Na zauna a ƙasa ina tunani, ko dai duka biyun sun yi kuskure, tirelar ta fi abin da suka ce ƙuruciya? Da na zagaya hagu sai na ga murfin can ya koɗe, ya koma ruwan hoda, ya tsattsage kamar busasshiyar fadama, kuma babu wannan rubutu a kansa. Sukurorin dama masu bakin gicciye ne, masu ƙyalli, na hagu sun yi baƙi. An taɓa fasa ta dama aka sauya.

Firiji ya fi danja wahalar da ni, har kwana biyu na yi ina gaya wa mutane ta bayan 1963 ce. Dalilina mai ƙarfi ne a ganina. Amurka ta fara amfani da lambar gidan waya mai gurbi biyar, wadda suke kira ZIP, ranar 1 ga Yuli 1963. Kafin nan manyan birane lambar shiyya suke sawa tsakanin sunan gari da na jiha, guda ɗaya ko biyu, tsarin da aka fara a 1943. Saboda haka duk wata takardar kamfani da ke liƙe a jikin kaya, in adireshinta na da lamba biyar, ba a buga ta kafin tsakiyar 1963 ba. Ƙaramin firijin da ke ƙarƙashin kanta yana da ita. Na ce shi ke nan, takarda ta yi gaskiya, 1965 ce.

Abin da ya hana ni rufe maganar shi ne murhun gas. Ɗan ƙarfen da ke ɗauke da sunan kamfaninsa yana ƙarƙashin murfin sama, maiƙon shekaru ya rufe shi, da na wanke sai na ga adireshi irin na da, da lambar shiyya. Rashin lamba biyar ba ya tabbatar da komai shi kaɗai, don kamfanoni sun ɗauki shekaru suna ƙarar da tsofaffin takardunsu. Amma launin murhun shuɗi-kore ne mai haske, na yayin ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, firijin kuwa ruwan ƙasa ne, ba su yi kama da kayan da aka saya rana ɗaya ba. Na kwance sukurori huɗu na jawo firijin waje. A bayansa katakon an yanke shi da zarton hannu, yankan a karkace, ba irin na masana'anta ba. A gefe ga ramukan tsofaffin sukurori da babu komai a cikinsu. A ƙasa kuma, a kusurwa, ga wani rami zagayayye da bai fi faɗin babban yatsa ba, ya huda daɓen har waje, an toshe shi da tsumma. Na daɗe ina kallonsa kafin in gane. Asalin abin da ke wurin akwatin ƙanƙara ne: a sayi ƙatuwar ƙanƙara a sa a sama, abinci a ƙasa, ruwan da ya narke ya bi ta siririn tiyo ya zuba a ƙasa. Ramin tiyon ne. Firijin baƙo ne, daga baya ya zo.

Tun daga wannan rana na canza yadda nake tambaya. Kafin in karanta shekarar da ke jikin kowane abu, sai in fara tambayar ko tare aka haife su da tirelar. Ina duba kan sukuru, ko an taɓa sa masa sukundireba. Ina duba launin katakon da ke ƙarƙashi, domin inda rana da hayaƙi ba su taɓa ba yakan zauna fari, kuma in siffar farin ta yi daidai da abin da ke kai, to bai taɓa motsawa ba. Kayan da aka sauya labarin masu tirelar suke bayarwa. Na asali kaɗai ke maganar ranar ƙira, kuma su ma abu ɗaya suke iya faɗa: ba a yi ta kafin ni ba.

Wata magana a gefe ga duk wanda zai taɓa irin wannan aiki. Tayil ɗin daɓen nawa mai inci tara-tara ne, kuma irin wannan na wancan zamani sau da yawa akwai asbestos a cikinsa, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Kada a sa masa samfefa, kada a farfasa shi a bushe. Ni shimfiɗa sabo na yi a kansa na bar shi yana barcinsa.

Wata Asabar na ɗauki babban ɗana muka kama hanyar 31 zuwa arewa, tafiyar kusan awa uku, zuwa Elkhart. Yankin nan shi ne cibiyar ƙera irin waɗannan tireloli a Amurka, Goshen ma a cikinsa take, kuma akwai gidan tarihinsu da ake kira RV/MH Hall of Fame, da ɗakin karatu mai tsofaffin mujallu da takardun talla. Mun duba abin da muka duba, amma ribar tafiyar a filin ajiye motoci na same ta. Wani dattijo fari ya sauko daga mota da hula mai hoton fiffiken Shasta, na yi masa sallama irin tasu, na nuna masa hotuna a waya. Ya ce shekara da shekaru yana gyara su. Ya dubi harafin farkon lambar ya ce ta Goshen ce, wato a nan kusa aka yi ta. Ya ce shi da abokansa suna tara lambobin tirelolin da aka tabbatar da shekarunsu, kuma tawa ta faɗa tsakanin na ƙarshen 1961 da na 1962. Ya kuma ja kunnena cewa a 2015 kamfanin ya sake ƙera Airflyte ta 1961 guda 1,941, daidai da shekarar kafuwarsa, don haka in zan sayi fiffike in tabbatar na tsohuwar ne. Har ya juya zai tafi sai ya tsaya ya ce, "Ka cire madubin?"

Ban cire ba. Madubi ne ɗan ƙarami a jikin ƙofar kabad ɗin kaya, gefensa ya fara baƙi, kullum ina ganin fuskata a ciki ban taɓa kawo shi a lissafi ba. Dattijon ya ce masu yin madubi a wancan lokaci sukan buga kwanan wata a bayansa da tawada, kuma kamfanin tirela ba ya ajiye madubi ya daɗe a sito, ana kawowa ana ɗaurawa.

Mun iso gida bayan magariba, ban ko ci abinci ba na shiga tirelar. Ƙananan maƙalai huɗu ne suka riƙe shi, sukurorinsu masu baki ɗaya, tsohon man katako ya cika tsagar, shaidar ba a taɓa kwance su ba. Na share tsagar da bakin allura. Yaron ya riƙe tocila, na ce, "Riƙe da kyau, kada ka girgiza." Na kwance uku, na tallafe gilashin da tafin hannu, na kwance na huɗu. Katakon da ke bayansa fari ne sol, murabba'i daidai girman madubin, kewaye da launin zuma. Na juya shi. A kan tokar fentin baya, da shuɗiyar tawada da ta ɗan baje, an buga OCT 1961. Yaron ya ce, "Abba, ta girme ka." Na ce ta girme ni nesa ba kusa ba.

Ƙasan kwamin wanke-wanke ma na leƙa da madubin hannu, na ga wani bugu da ya dushe, 61 kaɗai ke karantuwa. Shaidu biyu na asali sun haɗu. To 1958 ta fita, tunda ba a ɗaura madubin 1961 a tirelar da aka gama shekara uku kafin nan. Kuma kamfanonin motoci da tireloli a nan sabuwar shekararsu da kaka take farawa, abin da aka ƙera a Nuwamba ko Disamba na shekara mai zuwa ake kiransa. Madubin Oktoba 1961 yana nuna ƙirar 1962.

Saura 1965 ta kan takarda. Ruwa ba ya tsami banza, kuma madubi iyakar farko kawai ya ba ni, bai ba ni ta ƙarshe ba. Na kira wanda ya sayar mini na gaya masa abin da na gani. Bai ji haushi ba, ya ce bari ya tambayi mahaifiyarsa, wadda ta haura tamanin. Bayan mako biyu ya kira ya ce tana son in zo.

Na koma gonar da ɗan kwalin dabino. Ta zaunar da ni a kicin, ta ɗauko gwangwanin biskit cike da hotuna. Ta ce tirelar ba mijinta ne ya saye ta sabuwa ba, ta wansa ce, wanda yake zaune a wata jiha a lokacin. Da yaransa suka girma sai ya sayar wa ƙanen, suka kawo ta Ohayo suka yi mata takarda, a shekarar da ta haifi ɗanta na biyu. Na tambaye ta wace shekara ce, ta ce 1965, ba ta ko yi tunani ba. Ke nan shekarar da aka yi cinikin ce ta hau gurbin shekarar ƙira, abin da masu tsofaffin tireloli suka saba gani a takardun wancan zamani.

Sai ta zaro hoto ɗaya, baƙi da fari, murabba'i, mai farin baki. Maza biyu da mata biyu a bakin wani tafki, yara a zaune a ƙasa, bayansu tirelar, fikafikanta biyu cif, danjarta biyu iri ɗaya. Masu wanke hoto a lokacin sukan buga wata da shekarar wankin a farin bakin. Na kai shi kusa da taga. AUG 62. Ta nuna wata siririyar mace mai ɗankwali a hoton ta ce ita ce, ta yi shiru na ɗan lokaci, ni ma na yi shiru.

Ba a yi ta kafin Oktoba 1961 ba, kuma zuwa Agusta 1962 tana bakin tafki da mutane a cikinta. Na nemi izini na ɗauki hoton a waya, gaba da baya. Da na dawo na haɗa shi da hoton bayan madubi, da takardar da na goga da fensir, na rubuta bayanin yadda 1965 ta shiga takarda, na kai wa ofishin rajista da kamfanin inshora. A daren na auna fiffiken da ya rage daga tushe zuwa baki, na aika wa wani mai yin su awon tare da shekarar, 1962, na ce na gefen hagu nake so.